Ma'anar Kalmar Dirama da Inda Ta Samo Asali

Tambaya: Malam, a aji an koya mana cewa "drama" ita ce wasan kwaikwayo. Amma a shafukan kallon fina-finai sai in ga an ware wasu an ce su ne drama, wasu kuma na barkwanci, alhali duka wasa ake yi. Sannan idan mutum biyu suka yi ka-ce-na-ce a bainar jama'a, sai ka ji ana cewa "yau an yi dirama". Wace ce ma'anar ta gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, duka ukun da ka ji ma'anonin kalmar ne, sai dai ba sa'annin juna ba ne. Ta farko ta haura shekara 2,300 a rubuce. Ta biyu ba ta cika shekara 300 ba. Ta uku kuwa aro ne da bakin jama'a ya yi daga dandamali ya ɗora a kan rayuwar yau da kullum. Idan ka kama saiwar, rassan ba za su rikita ka ba.

Saiwar tana cikin Girkanci. Girkawan da suna da fi'ili "dran", ma'anarsa yi ko aikata. Idan suka liƙa "ma" a ƙarshen fi'ili, sai ya zama sunan abin da aikin ya haifar, kusan yadda muke samun gini daga gina, ko ɗinki daga ɗinka. Ke nan "drama" a asalinta tana nufin aiki, abin da aka aikata. Babu kuka a cikinta, babu faɗa, babu ma dandamali. Daga Girkanci ta shiga Latin, daga nan ta bazu a harsunan Turai, ta shiga Turanci a ƙarni na 16. Mu kuma daga Turanci muka ɗauko ta, muka cusa mata wasali tsakanin "d" da "r" domin harshenmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere. Abin da ya ba mu direba da firamare shi ya ba mu dirama.

Wanda ya fara zama ya bayyana dalilin da ya sa aka kira wasa da sunan "aiki" shi ne Aristotal, masanin falsafa na Girka, a littafinsa Poetics da ya tsara wajen shekara ta 335 kafin Miladiyya. Ya ce mai son kawo wa mutane labari hanya biyu gare shi. Ko dai ya ba da shi da bakinsa, ya ce wane ya je, wane ya ce, ko kuma ya janye gefe ya bar mutanen labarin su fito da kansu suna aikatawa a gaban mai kallo. Hanya ta biyun ce dirama. Har ya kawo gardamar da ake yi a zamaninsa: Doriyawa, wani ɓangare na Girkawa, suna cewa su ne suka ƙago wannan fasaha, hujjarsu kuwa ita ce "dran" kalmarsu ce, mutanen Atina "prattein" suke cewa idan suna nufin aikata. Ko wa ke da gaskiya a cikinsu, gardamar ta nuna cewa tun a lokacin kowa ya san sunan daga aiki ya fito.

Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. Ƙagaggen labari yana da mai ba da shi, wanda ke tsaye tsakaninka da abin da ya faru, yana iya shiga zuciyar kowa ya faɗa maka abin da ke ciki. A dirama an cire wannan mutum. Abin da ba a yi ba, ko ba a faɗa ba a gabanka, ba ka da hanyar saninsa. Kuma kullum "yanzu" ne: labari yana cewa ya faru, dirama tana cewa ga shi yana faruwa. Gani ya kori ji, iyakar falsafar ke nan.

Kowane harshe da gaɓar da ya kama

Yana da kyau ka lura cewa sunan da muke kiran abin da shi, wasan kwaikwayo, ba fassarar kalmar "drama" ba ce kai tsaye. Ya fi dacewa da wata kalmar ta Aristotal, "mimesis", wadda ke nufin kwaikwayo. Jamusawa suna cewa "Schauspiel", wato wasan kallo. Larabawa suna cewa "masrahiyya" daga "masrah", wurin da ake yin wasan, kuma suna cewa "tamsiliyya", wadda tushenta ɗaya da kalmarmu ta misali. A Sanskirit na Indiya "natya" ake cewa, kalmar da ke da alaƙa da rawa, kuma suna da nasu babban littafin ƙa'idojin wasa, Natyashastra, wanda ya kai kimanin shekara 2,000. Wani ya kama aikin, wani kwaikwayon, wani kallon, wani wurin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa kalmar ce ta Girkawa, abin da take nufi kuwa ba gadon gidansu ba ne su kaɗai.

Sai dai kalmar kwaikwayo tana ruɗar ɗalibai da yawa. Suna ɗauka ana nufin kwaikwayon muryar wani ko tafiyarsa. Mai kwaikwayon muryar shugaba ya ba jama'a dariya gwani ne, amma bai yi dirama ba tukuna. Abin da ake kwaikwayo a dirama shi ne aiki cikakke mai farko da tsakiya da ƙarshe: mutum ya so wani abu, ya tashi nemansa, ya ci karo da abin da ya tare shi, ya samu ko ya rasa.

Tarihin wasan a Atina ma yana ƙara haska ma'anar. Da farko ayarin mawaƙa ne kawai ke rera labari a bukin abin bautarsu Diyonisus. Abin da aka ruwaito shi ne wani mai suna Tespis ya fita daga cikin ayarin ya tsaya shi kaɗai yana amsa musu a matsayin mutumin da ake waƙar a kansa, kuma ana danganta masa nasarar gasar farko wajen shekara ta 534 kafin Miladiyya. Daga ranar da aka samu mai cewa "ni ne wane" maimakon "wane ya yi kaza", waƙa ta zama dirama. Daga cikin marubutan wasa na Atina, Eskilus ya ƙara ɗan wasa na biyu, Sofokilis ya ƙara na uku. Kada ka raina wannan lissafi. Da mutum ɗaya jawabi kawai za a yi. Da biyu an samu gardama. Da uku an samu wanda zai goyi bayan wani, ko ya ci amanarsa, ko ya tsaya shiru yana saurare alhali ya san gaskiya. A kan ukun nan suka tsaya a wasannin ban tausayi, kowane ɗan wasa yana canza abin rufe fuska ya fito a matsayin mutum biyu ko uku, dukkansu kuma maza. Ayarin mawaƙan mutum 12 ne, daga baya 15, na wasan ban dariya kuma 24. Wasa mafi tsufa da ya iso gare mu cikakke na Eskilus ne, an yi shi a shekara ta 472 kafin Miladiyya, a kan yaƙinsu da Farisa.

Daga wannan fili ne sauran kalmomin sana'ar suka fito. "Theatron" wurin kallo ne, gangaren da 'yan kallo ke zama. "Skene" rumfa ce a bayan fili inda 'yan wasa ke sauya kaya, ita ce ta zama sunan fitowa a harsunan Turai. Shi kuwa ɗan wasa "hypokrites" suke kiransa, wato mai amsawa, kuma wannan kalmar ce Turanci ya ɗauka ya mayar da ita sunan munafuki. Riƙe wannan, domin zai yi maka amfani idan mun zo ma'ana ta uku.

Yadda kalmar ta ƙanƙance

A ma'anar farko, wasan ban tausayi da na ban dariya duka dirama ne, kamar yadda malaminku ya ce. Ita ce reshe na uku na adabi, bayan waƙa da zube. To me ya kawo rabuwar da ka gani a shafukan fina-finai? Faransa ce, a tsakiyar ƙarni na 18. A lokacin doka ce mai ƙarfi a gidajen wasa cewa wasan ban tausayi na sarakuna da jarumai ne, ana rubuta shi da waƙa, talakawa da 'yan kasuwa kuwa sai dai a yi dariya da su. Denis Diderot, marubuci Bafaranshe, ya ƙi wannan rabo. A wasanninsa biyu na 1757 da 1758 da bayanan da ya haɗa da su, ya nemi a buɗe nau'i na tsakiya: a ɗauki damuwar uba da 'ya'yansa, bashi, gado, aure, da muhimmancin da ake ba damuwar sarki, a rubuta da maganar yau da kullum. Wannan nau'in ne Faransawa suka kira "drame". Daga nan kalmar ta samu ma'ana ta biyu, ƙarama a cikin babba: labari mai nauyi a kan mutane irinmu, wanda ba dole ya ƙare da mutuwa ba, ba kuma don dariya aka yi shi ba. Ita ce masu fim da talabijin suka gada. Shi ya sa a kyaututtukan Golden Globe ake ware fim ɗin dirama daban, na barkwanci da waƙa daban. Babu saɓani: fim ɗin barkwanci dirama ne a ma'ana ta farko, ba dirama ba ne a ta biyu.

Akwai wata 'yar'uwarta da ta ja wa kalmar baƙin jini, wato "melodrama", daga "melos", waƙa. Ta bunƙasa a Paris wajen 1800: mugu baƙi ƙirin, baiwar Allah da aka zalunta, jarumin da ke isowa a daidai lokaci, kiɗa kuma yana tashi a ƙarƙashin magana yana gaya wa zuciya inda za ta karaya. A Landan har doka ta taimaka mata, domin kafin 1843 gidajen wasa ƙalilan masu lasisin sarauta ne kaɗai aka yarje wa yin wasa na magana zalla, sauran sai suka riƙa haɗawa da kiɗa don kauce wa dokar. Daga wannan gida ne zuzutawa da kuka mai yawa suka manne wa sunan dirama. Wasannin rediyo masu dogon zango da kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble suka ɗauki nauyi a Amurka a shekarun 1930 suka ƙara ɗaure abin tamau.

Ma'ana ta uku ba ta buƙatar dogon bayani. Idan aka ce "an yi dirama", ana nufin abu ya faru a rayuwa mai kama da na dandamali: rikici a fili, ga 'yan kallo, ga juyin da ba a zata ba. Idan kuma aka ce wa mutum "daina mana dirama", zargi ne cewa abin da yake nunawa ya fi abin da yake ji. Ka ga an koma kan "hypokrites". Kalmar da ta fara da aiki na gaske ta zagayo tana nufin aikin gani-da-ido.

Yadda za ka gane dirama idan ka gan ta

Tunda ɗalibi ne kai, kuma wataƙila wata rana za a ce ka nazarci wasa ko ka rubuta, ga inda ma'anar asali take aiki. Ɗauki kowace fitowa ka yi mata tambaya huɗu. Wa ke son wani abu a nan? Me yake so, a yanzu, daga wanda ke gabansa? Me ya tare shi? Me zai rasa idan bai samu ba? Fitowar da ta kasa amsa huɗun nan hira ce kawai aka rubuta da sunaye a gefen hagu.

Dubi wannan:

ƘANE: Yaya, ka san tun da mahaifinmu ya rasu shekara uku da suka wuce kai ke riƙe da takardun gida, ni kuma bashi ya yi mini katutu, saboda haka ina jin haushinka.
WA: Ni ma ina jin haushinka domin kai almubazzari ne.

An ba da bayani, amma babu wanda ya aikata komai. Ƙanen yana gaya wa wansa abin da wan ya riga ya sani, don kawai mai kallo ya ji. Yanzu dubi wannan:

(Wan yana zaune yana gyaran rediyo. Ƙanen ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa.)
ƘANE: Makullin akwatin Baba fa?
WA: (bai ɗago kai ba) Miƙo mini sukurudireba can.
ƘANE: Na ce makullin.
WA: Na ji ka. Mutumin da ya zo nemanka jiya, sau biyu ya dawo. (Ya ɗago kai.) Nawa yake bin ka?
(Ƙanen ya yi shiru. Wan ya ciro makullin daga aljihu, ya ajiye a kan tebur, ya dafe shi da tafin hannu.)
WA: Faɗi nawa ne, in ɗauke hannuna.

Ba wanda ya ambaci haushi, ba wanda ya ɗaga murya, amma ka san uban ya rasu, ka san akwai bashi, ka san wa ke da iko. Kowace magana a nan aiki ce. "Miƙo mini sukurudireba" ƙin amsa ne da nuna wa yaro matsayinsa. Tsayuwar ƙanen a bakin ƙofa ta faɗi abin da shafi guda ba zai faɗa ba. Tafin hannun nan da ke kan makulli kuma ya tilasta masa zaɓi: ya tona asirin kansa ya samu, ko ya rufe ya fita hannu rabbana. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma marubucin wasa nagari ya fi dogara da wannan karin magana fiye da kowa.

Aristotal ya ƙirga sassa shida a wasan ban tausayi, ya jera su bisa daraja: ƙullin labari, halayen mutanen wasa, tunanin da suke bayyanawa, lafazi, waƙa, sai abin kallo, wato kaya da ado da shirin dandamali. Ƙulli ya sa a gaba, ya kira shi ruhin wasa, har ya ce ana iya samun wasa ba tare da zurfin hali ba, amma ba a samunsa ba tare da aiki ba. Abin kallo ya sa a ƙarshe, ya ce wannan ya fi zama gwanintar mai haɗa kaya. Marubuta da yawa na baya sun yi jayayya da shi a kan fifita ƙulli bisa hali, kuma suna da hujja. A ganina rabuwar ma ba ta da ƙarfi sosai, domin a dirama ba ka da hanyar sanin halin mutum sai ta abin da ya zaɓa lokacin da aka matsa shi. Wan da ya dafe makulli maimakon ya ɓoye shi ya gaya maka ko shi wane ne.

A cikin ƙullin akwai gaɓoɓi biyu da ya fi ba muhimmanci. Ɗaya juyin al'amari, inda abin da mutum ya yi don ya tsira ya zama shi ne ajalinsa. Ɗayar kuma ganewa, inda ya fita daga duhu ya san gaskiyar da ke gabansa tun farko. Wasan ya fi ƙarfi idan biyun suka faɗo lokaci guda. Tauraron kuma kada ya zama waliyyi, kada ya zama shaiɗani. Mutum ne tsaka-tsaki da ya faɗi saboda "hamartia", kalmar da asalinta ke nufin kuskuren mai harbi da ya saɓa wa abin bara. Abin da ake so ya samu mai kallo shi ne tausayi da tsoro su taso masa, su wanke masa zuciya.

Maganar tsari da tsawo ta fi sauƙi. Horas, mawaƙin Rum, ya ce wasa ya zama kashi biyar, ba ƙari ba ragi, Turai ta bi wannan ƙarnoni da dama. Gustav Freytag, marubuci Bajamushe, a 1863 ya zana shi kamar dala: gabatarwa, hauhawa, ƙololuwa, gangarowa, warwara. Yau kashi uku ko biyu aka fi yi. A rubutun fim da aka tsara bisa ƙa'ida, shafi ɗaya yana cin kimanin minti ɗaya, don haka fim na minti 90 zuwa 120 shafi 90 zuwa 120 ne, ana ba kashi na farko kusan rubu'i, na tsakiya rabi, na ƙarshe rubu'i. A rediyo ana lissafa kimanin kalma 150 a minti, don haka wasan rabin awa yakan tsaya wajen kalma 4,000 idan an bar wa kiɗa da sauti da shiru gurbinsu. Mai koyo ya fara da wasan minti 10: mutum biyu ko uku, wuri ɗaya, buƙata ɗaya. Wani abu kuma da ake yawan jingina wa Aristotal bisa kuskure shi ne dokar cewa dole wasa ya faru a wuri ɗaya cikin yini ɗaya. Haɗin kan aiki kaɗai ya wajabta. Maganar yini ya ambace ta ne a matsayin abin da aka saba, wuri kuwa bai kafa masa doka ba. Masanan Italiya ne, musamman Lodovico Castelvetro a 1570, suka mayar da su dokoki uku.

Inda ake yawan tuntuɓe

Kusan duk lalacewar wasa daga mantawa da ma'anar kalmar take tasowa. Babba a ciki shi ne tauraron da abubuwa ke faruwa da shi, shi kuwa ba ya yin komai. An kore shi daga aiki, an yi masa sata, ya kwanta ciwo, mai kallo ya tausaya sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya fara duba agogo. Dalili shi ne babu abin jira. Jira yana samuwa ne idan mutum ya ƙudurta wani abu, mu kuma muna son ganin ko zai kai.

Na biyu shi ne jera aukuwa ba tare da ɗaya ta haifi ɗaya ba. Aristotal ya ce akwai bambanci babba tsakanin abu ya faru saboda wani abu, da kuma ya faru bayan wani abu kawai, kuma ya kira ƙulli mai jera aukuwa haka mafi muni. Gwajin mai sauƙi ne. Rubuta kowace fitowa a layi ɗaya, ka gwada sa "saboda haka" ko "amma sai" tsakanin kowane layi da mai bi masa. Duk inda "sannan kuma" kaɗai ya shiga, igiyar ta tsinke a nan. Idan kana iya musanya fitowa ta 4 da ta 7 ba abin da ya canza, ɗayansu ba ta da aiki.

Na uku shi ne warwara daga sama. Girkawa suna da wata na'ura mai kama da ƙugiyar ɗaga kaya, "mechane", da suke sauko da ɗan wasa mai fitowa a matsayin abin bauta ya raba gardama a ƙarshe. Aristotal ya soki yin amfani da ita wajen kwance ƙulli, ya ce warwara ta fito daga cikin labarin kansa. Jikokin wannan na'ura suna nan da ransu: gadon da ya faɗo daga dangin da ba a taɓa ambata ba, haɗarin mota da ya kawar da mugu, wasiƙar da aka tsinta a minti na ƙarshe. Mai kallo yana jin an cuce shi domin ya zuba ido ya ga yadda mutanen za su fitar da kansu, sai marubuci ya sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk abin da zai kwance ƙulli a kashi na ƙarshe, a dasa shi tun kashi na farko. Ana yarda sa'a ta jefa tauraro cikin matsala, ba a yarda ta fitar da shi.

Na huɗu, ɗaukar hayaniya a matsayin dirama, kuma nan ne ma'ana ta uku ta dawo ta cuci ta farko. Mari da ihu da fasa kwanuka ba su ne aiki ba idan bayan an gama kowa yana inda yake. Girkawa galibi ba su ma nuna kisa a fili, ɗan aike ne ke shigowa ya ba da labari. Za ka ce ai wannan ba da labari ne, ya saɓa wa duk abin da aka faɗa. Bai saɓa ba, domin aikin da ake kallo a lokacin shi ne isar labarin ga wanda zai ruguza shi: matar da ke tsaye tana saurare, ta juya ta shige ciki ba ta ce uffan ba.

Akwai kuma wa'azi, inda ake tsayar da wasa wani dattijo ya fuskanci jama'a ya faɗi darasi. Jigo ba laifi ba ne, wasa mai kyau yana da abin da yake son faɗa. Amma idan sakamakon ayyukan mutanen bai faɗe shi ba, jawabin minti biyar ba zai cece shi ba, idan kuma ya faɗe shi, jawabin maimaici ne. Da shi da umarnin da ɗan wasa ba zai iya aikatawa ba duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Marubuci ya sa a baka biyu: "ya tuna wahalar da ya sha yana yaro". Ɗan wasa zai tambaye ka, da wace gaɓa zan yi wannan? Ba shi abin yi: ya ɗauki tsohon hoto, ya kife shi.

Wannan ya kawo mu ga bambancin da jarrabawa ke yawan tambaya, tsakanin dirama da tiyata. Dirama ita ce abin da aka tsara, ko a takarda ko a ka. Tiyata ita ce aiwatar da shi a gaban jama'a, da 'yan wasa da darakta da fitilu. Rubutun wasa kamar zanen gini ne, ana karanta shi a fahimta, amma ba a kwana a cikinsa. Akwai wasannin da aka rubuta don karatu kawai, sai dai su 'yan tsiraru ne. Kuma dandamali ba sharaɗi ba ne, ido ma ba sharaɗi ba ne. A Janairun 1924 BBC ta watsa wasan Richard Hughes, ɗaya daga cikin na farko da aka rubuta musamman don rediyo, ya kuma kafa labarin a cikin ramin haƙar kwal bayan fitilu sun mutu, ta yadda mutanen wasan da mai saurare duk suna cikin duhu ɗaya. Ba a ga komai ba, amma an aikata, kuma a lokacin ake aikatawa.

Idan rediyon za ka rubuta wa, kada muryoyi su wuce uku ko huɗu a fitowa ɗaya, kuma kada ka haɗa biyu masu kama da juna. A ambaci sunan mutum da zarar ya shigo. Wanda ya yi shiru fiye da rabin shafi ya ɓace daga ɗakin a kunnen mai saurare, don haka ko dai ka ba shi kalma, ko wani ya yi masa magana, ko ka fitar da shi a ji ƙarar ƙofa. Fitowar makullin nan ta sama ma sai an sake ta: dole a ji ƙarar makullin a kan tebur, a ji tafin hannu ya sauka a kansa, sannan a bar daƙiƙa biyu ko uku na shiru kafin wan ya yi magana.